Fanel ɗin da Ban Wanke Ba

A gidanmu na Salaga an bar fataucin goro tun kafin a haife ni. Doya babana yake lodi zuwa kudu. Amma kakata ba ta bar zaɓen goro ba har ta koma ga Allah. Duk huhun da aka kawo gidan don biki ko suna, sai ta baje shi a tabarma, ta riƙa ɗaukar goron ɗaya bayan ɗaya, ta duba fuskarsa, ta juya bayansa, ta shafa tsagar da babban yatsa. Ni ne nake zama gefenta, don ba na son hayaniyar waje, ita kuma ba ta tilasta mini magana. Idan na miƙa mata wanda na ce lafiyayye ne, ba ta karɓa sai ta tambaye ni: "Ka juya shi?" Da wannan tambayar na girma.

Da na gama shekarar farko a makarantar fasaha a Tamale, inda nake koyon lantarki, aka ce kowa ya nemi shagon da zai yi aikin hannu a dogon hutu. Innata ta ce in tafi Yendi wurin yayanta. Kawu malami ne mai ɗalibai, kuma a bayan zaurensa akwai ɗakin da ba kowa ke shiga ba, ɗakin littattafai. Wasu bugun inji ne, wasu rubutun hannun kakanninmu ne a cikin gafaka. Kwana uku da zuwana ya same ni a bakin tagar ɗakin ina leƙe. Ya wuce abinsa. Washegari ya kira ni, ya ciro mabuɗi daga aljihun rigarsa, ya ajiye a tafin hannuna.

"Uwarka ta ce kana da kiyayewa," ya ce. "'Ya'yana ma ban ba su ba. Ka wanke hannu kafin ka shiga."

Ban taɓa mallakar abin da ya kai wannan mabuɗin ba. Na sa masa zare na rataya a wuya, a ƙarƙashin riga.

Shagon da Kawu ya samar mini yana bakin kasuwa. Ana gyaran rediyo, talabijin, da amfilifaya irin ta masallatai da masu biki. Mai shagon kowa Masta yake ce masa, mutum ne mai sanyin hali, ba ya son rigima. Babban yaronsa kuwa, wanda muke kira Siniya, ƙanin matar Masta ne, ya shekara shida a shagon, kuma bakinsa ya fi hannunsa sauri, duk da hannun ma yana da sauri. Ranar farko ya kalle ni sama da ƙasa, ya kalli littafin da ke hammatata.

"Kai, wannan karatu ya zo yi ko aiki? To, ɗan littafi, ga buroshi. Wanki za ka fara."

Daga ranar sunana ya koma Mai Wanki.

Ga abin da wankin yake nufi. A cikin kowace rediyo ko amfilifaya akwai wani allo kore mai siraran hanyoyin tagulla, shi ne fanel. Idan za a liƙa masa sabon abu, da dalma ake liƙawa, a narkar da ita da wani ƙarfe mai zafi da ake kira ayon, kuma dalma ba ta kamawa sai an shafa fulos, wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Bayan an gama, fulos yakan bar saura a gefen liƙin, rawaya-rawaya, yana kama ƙura. Aikina shi ne cire wannan sauran. Nakan ɗiga sifirit, in goge da tsohon buroshin haƙori, sannan in danna farin ƙyalle a wurin tun sifirit bai tashi ba. Wannan dannawar ita ce aikin. Sifirit narkar da dattin kawai yake yi. Idan ba a ɗauke shi da ƙyalle ba, sai ya bushe ya bar dattin a baje, ya fi da faɗi. Nakan yi sau uku, in ɗaga fanel a haske in karkata shi, in juya bayansa in sake. A wani ƙaramin littafi nake rubuta kowane fanel da na wanke da ranar da na wanke shi. Ba wanda ya sa ni. Haka nake.

Siniya yana ganin wannan duk ɓata lokaci ne. In shi ne, sai ya watsa fetur, ya hura da baki, ya rufe. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tsorata ni shi ne wani gwangwani da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Ba fulos ɗin lantarki ba ne a ciki. Na masu gyaran lagireton mota ne, yake karɓowa a gareji. Da shi dalma takan gudu kamar ruwa, ta kama ko a kan tsatsa, shi ya sa yake gama aiki kafin kowa. Amma na karanta cewa irin wannan yana da guba mai cin ƙarfe. Yana jan danshi daga iska, ya riƙa cin tagulla a hankali, ya kuma buɗe wa wuta hanya inda bai kamata ta bi ba. Sifirit kaɗai ma ba ya fitar da shi, sai an fara da ruwan ɗumi.

Sau ɗaya na gwada faɗa masa. Na yi kwana biyu ina shirya maganar a zuciya.

"Siniya, wannan gwangwanin, na ga a littafi..."

"A littafi!" Ya juya ga masu jiran kayansu a benci. "Jama'a, ku ji Mai Wanki. Littafi ya ce! To littafin ya zo ya riƙe ayon mu gani."

Aka yi dariya. Ban sake ba.

A wannan daminar ɗaliban Kawu tara za su yi saukar karatu, kuma amfilifayar makarantarsa tana shaƙewa. Ni da kaina na ɗauko ta a ka na kai shago, ina jin daɗi za a yi wa Kawu aiki a inda nake. Masta ya tafi jana'iza ranar. Siniya ya buɗe, ya canza abubuwa uku, ya liƙa da abin gwangwaninsa. Na matso da buroshi da ƙyalle.

"Bar shi," ya ce. "Ba lokaci."

"Na Kawu ne."

"Ko na wa ne. Ka ji yana magana ko ba ka ji ba?" Ya ɗaure murfin da kansa.

A littafina na rubuta ranar, na rubuta: amfilifayar Kawu, ba a wanke ba. Na mayar da ita gida a ka. Sau da yawa na yi niyyar buɗe ta a ɓoye, amma tana kulle a ɗakin ladan, kuma neman mabuɗin yana bukatar in yi bayani, bayanin kuma yana bukatar in ambaci Siniya. Na bar ta haka. Sati uku ana ruwa.

Ranar walima an cika ƙofar gidan. Baƙi sun zo daga Bimbila, daga Salaga, babana ma ya zo. Masta da Siniya suna cikin rumfa, an ba su wuri mai kyau. Amfilifaya ta yi aiki lafiya har ɗalibai suka gama karatu. Kawu ya karɓi makirfo, ya ɗaga hannu zai yi addu'ar rufewa, wadda saboda ita tsofaffi suka yi tafiyar nesa. Ya ce bismillah. Lasifika ta yi ƙara kamar ana soya ƙosai, ta yi wani kuka mai tsini har mata suka toshe kunne, sannan ta mutu. Muryar Kawu ba ta da ƙarfi. Ya gama addu'ar, sahun gaba kaɗai suka ji, na baya suna ta amin a inda ba wurin amin ba.

Da aka shafa, Kawu ya juya wajen Masta. Bai ɗaga murya ba.

"Ba ita aka kai muku ba?"

Kafin Masta ya buɗe baki Siniya ya miƙe.

"Malam, gyara kam an yi shi daidai. Matsalar wanki ne. Ɗanku ne, ban so in faɗa ba. Ya jiƙa fanel da sifirit sharkaf, ya rufe bai bushe ba. Kullum ina hana shi, ba ya ji. Littafi ya fi mu."

Kawu ya kalle ni. Babana ya kalle ni.

"Ɗan 'yar'uwata, ka taɓa ta?"

Littafin yana aljihuna. Ina jin gefensa a cinyata. Mutum ɗari suna kallona, harshena ya manne a sama. Na taɓa ta mana, ni na ɗauke ta. Ina neman inda zan fara, shirun ya yi tsawo, kuma shirun ya zama amsa. Masta ya sunkuyar da kai. Ya san sifirit ba ya kwana a jiƙe, balle sati uku. Amma ƙanin matarsa ne.

Bayan la'asar Kawu ya kira ni zaure. Ya miƙo hannu kawai.

"Littattafan nan ba su da na biyu," ya ce. "Ba fushi nake ba. Amma hannun da ke rufe abu a jiƙe, ba zan bar shi da su ba."

Na ciro zaren ta kaina na ba shi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari Masta ya ce in huta haka nan, sauran kwanakin ba sai na zo ba. Ya riga ya sa wa amfilifayar sabon fanel, tsohon yana cikin kwalin shara. Ina fita na sunkuya na ɗauke shi. Na juya bayansa. A gefen liƙi ukun da Siniya ya yi, wani kore ya fara fitowa kamar gansakuka. Na naɗe shi a takarda na sa a jaka.

Shekara biyu fanel ɗin nan yana ƙasan akwatina. Ban wanke shi ba. Duk damina nakan buɗe in duba yadda koren ya ƙara yaɗuwa, yadda ya cinye wata hanyar tagulla har ta yanke. Abokan ɗakina suna ajiye hoton budurwa, ni wannan nake ajiyewa. Na je Yendi sau biyu gaisuwa. Kawu ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi karatu, ya sa aka kawo mini tuwo. Ƙofar ɗakin littattafai tana rufe, kuma bai kalli wajenta ba. Zan iya fito da fanel ɗin a lokacin. Amma maganata ce kawai a kan ta Siniya, bayan an daɗe, kuma ba so nake a yarda da ni don tausayi ba. So nake wanda ya sunkuyar da kai ranar ya ɗago ya faɗa da bakinsa.

Da na gama makaranta, wani malaminmu ya haɗa ni da wani tsohon mai gyara a Bawku. Baba muke ce masa. Ya san aiki ƙwarai, sai dai idanunsa sun yi rauni, ba ya ganin ƙananan liƙi. Shi yake sauraron kaya ya faɗi ciwonsu, ni nake sa hannu. Mun dace, don shi ma ba mai yawan magana ba ne.

Sati na biyu da zuwana, na fita sayen koko da safe, na ji an ce daga tsallaken titi:

"Kai! Mai Wanki! Har nan wankin ya kawo ka?"

Siniya ne. Masta ya yaye shi, ya yi aure a Bawku, ya buɗe shago mai fenti shuɗi kusan daura da namu. Ya yi ƙiba. Ya tsallako ya dafa kafaɗata kamar tsohon aboki, ya gaya wa mai koko cewa shi ya koya mini riƙe buroshi. Ban ga alamar yana tuna abin da ya yi ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ni ina kwana ina tashi da abin, shi ko ajiye shi bai yi ba.

Da rani shagonsa cike yake. Yana gama aiki kafin mai kaya ya gama shan ruwa, mutane daga Binduri da Pusiga suna wuce mu su tafi wurinsa. Ni dai ina kallon sama ina jiran hadari.

Ruwa ya sauka, kaya suka fara komawa masa. Rediyo tana shaƙewa, talabijin tana ɗaukewa da kanta, amfilifaya tana soya ƙosai. Ya canza wannan, ya canza wancan, ya ƙara liƙi da abin gwangwaninsa, ciwon ya ƙaru. Daga nan ya fara biyowa ta ƙofar bayanmu da kaya a cikin buhu.

"Baba, a taimaka a duba mini wannan. Kar dai a ji a waje."

A zatonsa Baba ne yake gyarawa. Yana fita nake buɗewa, in juya fanel, in ga hannunsa: dalma tuli-tuli, kore a gefe. Sai in ɗora ruwa a wuta. Ruwan ɗumi da buroshi tukuna, har koren ya fita, sannan sifirit, ya kori ruwan daga ƙarƙashin ƙananan abubuwa, sannan ƙyalle, sannan bulowa, injin hura iska mai zafi, har ya bushe ƙarau. Inda tagulla ta yanke in ɗinke da siririyar waya. Galibi ba na canza komai. Kaya su tashi garau.

"Me ke damun kayan mutumin nan ne?" Baba ya tambaye ni wata rana.

"Datti ne, Baba."

"Datti kawai? To ka gaya masa mana, ɗana. Maƙwabci ne."

"To, Baba."

Ban gaya masa ba. Magana ɗaya ce, jefar da gwangwanin nan, da ta ishe shi. Na riƙe ta duk daminar. Ina zaune a bencina ina kallon masu kaya suna yi masa ihu a ƙofar shago, wata mai sayar da waken suya ta dire masa rediyonta a ƙafa ta ce karo na uku ke nan. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Na san matar ba ta yi mini komai ba. Na sani, kuma na ci gaba da kallo.

Can cikin damina matarsa ta haihu, ɗan fari, namiji. Ya bi shago-shago yana rabon goro, ya ajiye mana namu.

"Ranar suna ku zo da wuri. Masta da kansa zai zo daga Yendi. Mai Wanki, za ka ga tsohon maigidanka."

Na ɗauki goron na juya shi. Lafiyayye ne.

Saura kwana uku suna, Baba ya tafi Pusiga ta'aziyya. Da hantsi Siniya ya shigo ta baya da babbar amfilifayarsa, wadda yake bayarwa haya, wadda za a yi sunan da ita.

"Ina Baba?"

"Ya yi tafiya. Sai jibi da yamma."

Ya yi tsaki. "To ji nan. Bolum ne ke ƙara, na tabbata. Nawa sun ƙare. Kana da sabo? Canza mini shi kawai. Ka iya wannan dai ko? Kar ka taɓa komai. Kuma don Allah," ya yi dariya, "kar ka jiƙa mini shi."

"Bolum kawai?"

"Bolum kawai."

Da ya fita na buɗe. Bolum ɗin, abin murɗa sauti, ya gaji da gaske, bai yi ƙarya ba. Na canza shi, na yi liƙi uku masu kyau, na wanke liƙina sau uku har suna ƙyalli. Sannan na juya fanel. Ta baya, wajen da wuta mai ƙarfi take bi, koren ya yi kauri, wata hanya saura kamar gashi ta yanke. A shago mai bushewa za ta yi magana. A waje, da sassafe, bayan ruwan dare, in ta ɗauki zafi, ba za ta kai ko'ina ba.

Tukunyar ruwa tana gefena. Buroshi yana hannuna. Aikin rabin awa ne. Na daɗe a zaune ina kallonsa. Na tuna tsofaffin nan suna amin a inda ba wurin amin ba, na tuna zaren yana wucewa ta kaina. Na ajiye buroshin. Na ɗaure murfi. A littafina na rubuta: amfilifayar Siniya, an canza bolum, ba a wanke ba, mai ita ya hana.

Ranar suna an kwana ana yayyafi. Mun je bayan sallar asuba, ni da Baba, da jakata a kafaɗa. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, amfilifaya tana kan tebur a gefe tana karatu tun duhu-duhu. Masta yana sahun gaba, ya yi furfura. Ya gan ni, ya ɗaga mini hannu, ya kau da ido da sauri. Liman ya yi huɗuba, aka raɗa masa, ya gyara murya ya matso da makirfo zai faɗi sunan yaro. Mata a cikin gida sun yi tsit suna jira su yi guɗa.

Lasifika ta soya ƙosai. Ta yi kukan nan mai tsini. Ta mutu.

Liman ya faɗi sunan, na kusa suka ji. A cikin gida ba a ji ba, guɗa ba ta tashi ba, sai wata tsohuwa ta leƙo tana tambaya, "Wai me aka sa? An sa ko ba a sa ba?" Wani daga baya ya ce, "A gidan mai gyara!" Dariya ta bi tabarmi.

Siniya ya juyo yana huci, ya nuna ni.

"Shi ne! Shi na ba wa kwana uku da suka wuce! Masta, ka tuna shi, halinsa ne, ya sake jiƙa..."

Wannan karon ma harshena ya manne. Amma na yi shekaru ina shiri, kuma na shirya abin da ba ya bukatar harshe sosai. Na tashi na je teburin, na zare wuta, na ciro sukundireba na kwance murfin. Na ɗago fanel na kai gaban Masta. Na nuna masa liƙina uku masu ƙyalli. Sannan na juya bayan.

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya kankare koren da farce ya sansana.

Na buɗe jaka, na warware takardar, na ajiye tsohon fanel kusa da sabon a kan gwiwarsa. Na buɗe littafina na da a shafin ranar, na ɗora a kai. Daga ƙarshe na ciro kwalbar sifirit.

"Masta, kawo hannunka."

Ya miƙo. Na zuba masa a tafi. Mu duka muna kallo, da liman, da Baba da ba ya gani sosai. Kafin a ja numfashi biyar tafin ya bushe.

"Wannan ne ya yi sati uku a jiƙe?" na ce.

Masta bai kalle ni ba. Ya juya ya kalli Siniya.

"Da me kake kama dalma?"

"Masta, fulos ne, irin na..."

"Na gareji?"

Siniya ya yi shiru. Na san irin wannan shirun. Na bar shi ya yi tsawo.

"Ɗana," Masta ya ce mini a hankali, "an zalunce ka. In na koma Yendi zan je wurin Malam."

"A'a, Masta. Yanzu." Na miƙa masa wayata, na riga na danna lambar Kawu. "A gaban mutane aka faɗa."

Ban san daga ina wannan ƙarfin halin ya zo mini ba, kuma bai sake zuwa ba tun daga ranar. Masta ya karɓa. A gaban baƙin sunan ya yi wa Kawu bayani, bai rage ba, har da cewa shi ma ya sani tun ranar ya yi shiru. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Ɗan 'yar'uwata," Kawu ya ce. "Na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini. Mabuɗinka yana nan." Sai ya ƙara: "Amma in tambaye ka. Ta wannan gidan, da aka kawo maka, ka juya bayanta?"

"Na juya, Kawu."

"Ka ga abin?"

"Na gani."

"Ka san za ta mutu a wurin suna?"

"Na sani."

Na ji numfashinsa a wayar. "Jaririn bai yi maka komai ba," ya ce. "Uwarsa ma haka. Ka zo ka karɓi mabuɗin. Wannan kuma tsakaninka da Allah."

Na roƙi ruwan ɗumi daga cikin gida, aka kawo mini a kofin roba. A nan kan tebur, mutane suna cin waina suna kallo, na wanke fanel ɗin Siniya. Ruwa, buroshi, sifirit, ƙyalle, na ɗinke hanyar da ta yanke, na busar. Ban yi sauri ba. Kafin hantsi amfilifaya ta tashi, aka sake faɗin sunan, mata suka yi guɗarsu a makare.

Ina haɗa kayana Siniya ya matso. Ba dariya a fuskarsa.

"Duk kayan da nake kawo wa Baba, kai ne?"

"Ni ne."

"Ka san gwangwanin ne tun farkon damina. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya maka a Yendi," na ce. "Ka ce littafin ya zo ya riƙe ayon."

Muka koma shago ni da Baba. Can ya ce, "Ashe kai mai riƙo ne a zuci." Ban kare kaina ba.

Bayan sallar layya na je Yendi. Kawu ya ajiye mabuɗin a tabarma tsakaninmu, da zarensa na da, ya yi baƙi. Na wanke hannu na shiga. Ɗakin yana nan da warin fata da tsohuwar takarda. Abin da Kawu ya faɗa game da jaririn gaskiya ne, kuma yakan zo mini wani lokaci. Na aika wa uwar da turmin atamfa ta hannun Baba, ban ce daga ni ba ne. Amma idan aka mayar da ni wannan hantsin, ga tukunyar ruwa a gefena, ga buroshi a hannuna, na san abin da zan yi. Zan ɗaure murfin.

Siniya ya jefar da gwangwanin. Yanzu yana sayen sifirit a inda muke saye, kuma in mun haɗu a titi da sunana yake kirana. Tsohon fanel ɗin Kawu yana nan a akwatina, koren ya kusa rufe shi. Har yau ban wanke shi ba.